Afgired: kalmar da kowa ke faɗa, madabod ke yanke hukunci

Tun da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kalmar afgired ta zama gishiri, babu miyar da ba a barbaɗa ta. Mai shagon kwamfuta yana kira a zo a yi afgired. Mai talla a rediyo yana rantsuwa wayarsa afgired ce. Ɗan siyasa kuwa da ma ya riga kowa: a shafa wa ɗakin shan magani fenti, a sauya allon bakin ƙofa, a tara 'yan jarida a ce an yi masa afgired zuwa babban asibiti. Likita ɗaya ne da can, yanzu ma ɗaya ne, ran da ya zo.

Kowa ya san kalmar Turanci ce, ba sai na faɗa ba. Abin da ba a cika sani ba shi ne, a Amurka ta ƙarni na 19 ma'anarta hawan tudu, wato wurin da hanya ko titin jirgin ƙasa ke miƙewa sama. Rabinta na ƙarshe daga wata kalmar Latin yake mai nufin mataki, tushe ɗaya da gireda mai baje hanya. To hawa ne a kan hanyar da kake kai tun farko. Dole a samu abin da ya tsaya a inda yake, sannan wani abu ya ƙaru a kansa. In ka ajiye tsohuwar kwamfuta ka ɗauko sabuwa dal, sayayya ka yi. In Windows ta sauko da gyare-gyarenta cikin dare, sabuntawa ce. In fawa fak, akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, ya ƙone aka sa maka irinsa, gyara aka yi, ko da mai shagon ya rubuta afgired a rasit don kuɗin ya yi nauyi.

A kwamfutar tebur, abin da ke tsayawa shi ne madabod, faifan nan mai faɗi da ke kwance a cikin akwati, wanda furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da ram (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai) da katin hoto (mai zana abin da ke fita a sikirin) da ma'ajiyar bayanai duk a jikinsa suke zama. Sunansa na nufin uwar allo, domin ƙananan faifan da ake sokawa a jikinsa 'ya'ya ake kiransu. Masu gyaran waya su kan ce inji ko fanel. Shi kuwa akwatin gaba ɗaya da muke kira sifiyu, alhali sifiyun shi ne furosesan, wani ɗan abu da bai kai tafin hannun yaro ba, na daɗe da haƙura da wannan gardamar.

Duk wanda ya zaga sababbin unguwanni ya ga gidajen da aka zuba wa dakin aka bar rodi tsirara yana kallon sama. Mai gidan yana da niyyar bene in Allah ya hore. Amma rodin sama ba shi ke ɗaukar bene ba, harsashin da aka binne tun ranar farko ne. Haka madabod yake. Ran da ka saye shi, ran nan ka yanke iyakar afgired ɗin da za ka iya yi nan da shekara biyar, ko ka sani ko ba ka sani ba. Wurin da ya fi ɗaure wannan hukunci kuma shi ne soket, gurbin da furosesa ke zama.

A ɗauki mutum biyu da suka haɗa kwamfuta a 2017. Na farko ya sayi furosesa Core i7-7700K na kamfanin Intel, wanda ya fito a watan Janairu na shekarar, ya ɗora shi a kan madabod mai cifset Z270, wato guntun da ke haɗa furosesa da sauran kayan faifan. A lokacin shi ne abin alfahari ga masu wasan kwamfuta. Na biyu aljihunsa bai kai nan ba, ya sayi Ryzen 5 1600 na kamfanin AMD da wani madabod B350 mai sauƙin kuɗi, soket ɗinsa AM4. A watan Oktoba na wannan shekarar dai, Intel ta fitar da zubi na takwas na furosesocinta. Soket ɗin sunansa bai canza ba, LGA 1151, adadin allurai ma bai canza ba, furosesan yana zama daram a gurbin tsohon madabod. Amma kwamfutar ba ta tashi, domin an sauya aikin wasu alluran, sai an sayi sabon madabod mai lamba ɗari uku da wani abu. Mutumin farko bai cika shekara da sayayyarsa ba hanya ta ƙare masa, i7 ɗin da ke ciki shi ne ƙarshen hawa.

Na biyu fa? AM4 ya fara fita a 2016, kuma AMD ta yi alkawarin riƙe shi har 2020. Ta riƙe, amma ba cikin daɗin rai kullum ba, kuma wannan ɓangaren ne masu yabon kamfanin ke tsallakewa. A watan Mayu na 2020 ta sanar cewa furosesocinta masu zuwa, waɗanda suka zama Ryzen 5000, ba za su yi aiki a kan tsofaffin madabod masu lamba 300, irin su B350, da masu lamba 400 ba. Hujjarta ita ce ɗan guntun da ke riƙe da BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta ta kuma gane furosesa, megabayit 16 kawai yake ɗauka a kan da yawa daga cikinsu, ba zai iya haddace sunan kowane furosesa ba. Hujjar ba ƙarya ba ce, don tun 2019 kamfanin MSI ya rage wa BIOS ɗinsa kwalliya domin ya sami wuri, ya kuma fitar da wasu madabod masu laƙabin MAX da ke da megabayit 32. Amma masu saye suka yi caa a kan AMD, mako biyu ba su cika ba ta lashe amanta game da masu lamba 400, B450 da X470. Masu lamba 300 sai a 2022 aka buɗe musu ƙofa a hukumance. A shekarar ne Ryzen 7 5800X3D ya fito, kuma har a 2024 kamfanin yana fitar da sababbin furosesa na wannan soket.

Ga inda labarin ya shafi yau. Windows 11 ba ta yarda da furosesan Intel da ya gaza zubi na takwas ba, sai 'yan tsiraru, haka na AMD sai daga Ryzen 2000 zuwa sama. Mutanen nan biyu duk ta ƙi su. Amma na biyu zai sabunta BIOS, ya ɗaga ɗan hannun ƙarfen soket, ya cire 1600 ya sa Ryzen 5 5600, ya shafa man sanyaya, ya mayar da fanka, ram ɗinsa da akwatinsa da komai suna nan. Wannan shi ne afgired da sunansa. Na farko sai ya canza madabod da furosesa tare. Kada a ce na biyu ya fi hangen nesa. A 2017 babu wanda zai iya rantsuwa cewa B350 zai kai haka, ita kanta AMD ta so ta zame, surutun jama'a ne ya dawo da ita. Shi ya sa in na ji mai shago yana cewa madabod kaza ba ya tsufa, nakan tambaye shi ko shi ke zama a taron daraktocin kamfanin.

Abin da mai saye ke da shi a hannu bai wuce alkawari da tarihi ba. AM5, soket ɗin da ya gaji AM4, wanda ya fito a Satumba 2022, AMD ta ce za ta riƙe shi har 2027 ko fiye. Intel kuwa LGA 1200 zubi biyu ya ɗauka, LGA 1700 ya ɗauki uku, na 12 da 13 da 14, sannan LGA 1851 ya zo a Oktoba 2024. Ram ma yana da nasa tarkon. Nau'o'insa biyu, DDR4 da DDR5, duk ƙafa 288 ne, amma tsagar da ke tsakiya ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. AM5 DDR5 kaɗai ya sani. Madabod na LGA 1700 akwai mai wannan akwai mai wancan, sai ka duba jikin kwali.

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya shigo da wata kwamfutar ofis tokumbo, irin siriran nan, yana murna. "Kawu, mai shagon ya ce ana afgired ɗinta, katin hoto kawai zan sa mata." Muka kwantar da ita a kan tabarma muka zare murfi. Bayan mun hure ƙurar da ta yi kamar auduga a jikin fanka, sai ga wayar da ta taso daga fawa fak zuwa madabod 'yar ƙarama mai ƙafa shida, maimakon mai ƙafa 24 da aka saba. Ramukan kusoshin faifan ma ba inda tsarin ATX ya tanada suke ba, tsarin da Intel ta fitar tun 1995 domin kayan kamfanoni daban-daban su riƙa shiga juna. Katin da yaron yake so ba zai shiga akwatin ba, in ma ya shiga wutar ba za ta ishe shi ba, fawa fak ɗin kasuwa kuma ba zai haɗu da faifan ba. Ya dube ni ya ce, "To ƙarya ya yi mini ke nan, Kawu?" Na ce a'a, ana iya ƙara mata ram, a cire tsohon had-disk a sa SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri, kuma za ta yi saurin da zai ba ka mamaki. Mai shagon ya faɗi kalmar, bai faɗi iyakarta ba, kai ma ba ka tambaya ba. Wannan ba laifin injin ba ne, an ƙera shi ne don ya yi shekaru a kan teburin akawu.

Akwai kuma abin da ba ya cikin talla, amma a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40 ya fi fitilun ado muhimmanci nesa ba kusa ba. Kewaye da soket akwai jerin ƙananan na'urori da ake kira VRM, aikinsu su karɓi wuta mai ƙarfin bolt 12 su sauke ta zuwa bolt ɗaya da 'yan kai da furosesa ke sha. Suna zafi ƙwarai. Madabod mai araha wani lokaci tsirara yake barinsu babu ƙarfen da ke zuƙe zafi. Da ƙaramin furosesa ba za ka lura ba. Ran da ka ɗora babba, wanda takarda ta ce soket ɗin yana ɗauka, sai kwamfutar ta riƙa ja da baya da kanta don kada ta ƙone. An yi afgired a rasit, a aiki kuwa an yi ba a yi ba.

Ni a nawa ganin, kuɗin da mutum zai zuba a cifset mafi tsada don PCIe 5.0, tsarin gurbin da katin hoto da SSD ke shiga, gara ya kai shi nan. Tsarin PCIe sabo yana karɓar tsoho, tsoho yana karɓar sabo, sauri ne kawai ke raguwa, kuma yawancinmu ba za mu taɓa jin bambancin ba. Abin da zan ƙirga da yatsa shi ne gurbin ram huɗu, gurbin M.2, inda siririn SSD ke zama, aƙalla biyu, da ɗan maɓallin nan na baya da ke ba ka damar zuba sabon BIOS daga filashi ko babu furosesa a ciki. Wanda aka taɓa ɗauke wa wuta ana tsakiyar sabunta BIOS, faifan ya koma kamar faranti, ya san darajar maɓallin. Kada ma ka fara wannan aikin sai kwamfutar tana kan UPS.

Kafin kuma ka miƙa wa kowa kuɗin afgired saboda Windows 11 ta ce ba ka da TPM 2.0, wani sashen tsaro da take buƙata, shiga BIOS tukuna. A madabod da yawa na shekarun nan abin yana nan a kashe ne kawai, Intel na kiransa PTT, AMD na kiransa fTPM. Kunna shi ake yi, a ajiye, a sake tayar da kwamfutar.