Waiwaye: Ɗamarar azurfa ta Yaman da wahalar gane garinta

Dillalan kayan gargajiya sun daɗe suna laƙaba wa duk wata ɗamarar azurfa da ta fito daga kudancin Larabawa suna guda: aikin Badawiyyai. Alhali makiyayan nan saye kawai suke yi. Ƙirar ta mutanen birni ce, kuma a da, a Sana'a, babban birnin Yaman, yawancin maƙeran azurfa Yahudawa ne.

Gidajen maƙera biyu na Yahudawa sun yi suna har salon ya ɗauki sunansu. Aikin Bausani saƙa ce ta siririyar wayar azurfa, a murɗa a lanƙwasa har ta zama kamar leshi. Na Badihi kuwa ƙwayoyi ake jerawa, ƙanana kamar gero, ana liƙa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya saba, da ya shafa kan ɗamara ya san gidan.

Ita kanta azurfar ba ta faɗin komai. Liyarin Mariya Tariza, tsabar kuɗin azurfa na Ostiriya, ake narkarwa, mai ɗauke da shekarar 1780 ko yaushe aka buga shi, wanda ya yi yawo har kasuwar Kano. Ƙarfe ɗaya ne a Sana'a, a Tihama da Hadramaut.

Yadda ake ɗaura wuƙa a jikin ɗamarar maza ma shaida ce. Kafin juyin juya halin 1962 da ya kawo ƙarshen mulkin limaman Yaman, alƙalai da sharifai ke rataya wuƙar da ake kira suma, a karkace ta gefen dama. Mutanen ƙabilu kuwa wadda ake kira asib suke ɗaurawa, a tsaye a kan cibiya.

Tsakanin 1949 da 1950 aka kwashe Yahudawan Yaman kusan dubu 49 zuwa Isra'ila. Musulmin maƙera suka ci gaba da salon, sunan Bausani ya tashi daga na gida ya koma na kwalliya. Daga nan lamarin ya dagule. Ga shi kuma da ma akan narkar da kayan tsohuwa a ƙera wa amarya sabo, don haka tsofaffin ba su da yawa.

A ganina, mai neman asali ya bar kallon gaba, ya juya baya. Can ake samun ɗan hatimin maƙeri da harafin Ibrananci ko Larabci, wani lokaci da sunan limamin da ke mulki. Ko shi ma hatimin, ƙarfen da aka buga shi a kai kaɗai ya shaida. Ƙyallen ɗamarar mai zaren zinare kan tsufa a sake shi, a cire kan ɗamarar kaka a ɗora kan sabuwar fata da aka saya jiya a kasuwar Milh da ke Sana'a.