Sandar jan ƙarfe a ƙasa ba ta isa ta kare shagon aiki ba

An daɗe ana cewa idan aka ja wuta daga gida zuwa shagon walda ko na kafinta a bayan gida, da zarar an kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, wuta ba za ta ja kowa ba. Sandar tana da amfani, amma ƙasa ba ta wuce da lantarki da sauƙi, musamman a Kaduna lokacin rani, sa'ad da ta bushe ƙamas.

Wutar gida bolt 230 ce. Idan turjiyar sandar, wato yadda take hana wuta wucewa zuwa ƙasa, ta kai om 50, kuma waya mai wuta ta taɓa jikin inji, abin da zai zurara bai kai amfiya 5 ba, don haka bireka mai amfiya 32 ba za ta faɗi ba, jikin injin kuwa yana ɗauke da wuta. Abin da ke yanke ta nan take shi ne na'urar RCD mai miliamfiya 30, wato na'urar da ke ɗauke wuta da zarar ta fara zurara ta inda bai kamata ba, tare da wayar kariya mai launin kore da rawaya da ta taɓa jikin kowane inji.

Gwajin ba wuya: a danna maɓallin T na na'urar, wajibi ne wuta ta ɗauke. Turjiyar sandar kuma ƙwararren mai gyaran wuta ne zai auna ta da mita, zai fi kyau da rani.

Don Allah a tura wa masu shaguna wannan bayani.