Kafin ka buɗe wa kwamfutar asibiti hanya zuwa intanet

Wannan saƙo na 'yan uwana ne masu kula da bayanan marasa lafiya a Jihar Gombe, musamman ƙannenmu da aka damƙa wa kwamfuta a ƙananan asibitoci, daga Nafada har Kaltungo. Akwai wata dabara da ta shigo aikinmu, kuma da yawa ana amfani da ita ba a san iyakarta ba.

Kwamfutar da ke ɗauke da manhajar rajista, irin su OpenMRS, a cikin asibiti kaɗai ake iya shiga ta. Ko an jona ta da layin waya, na waje ba ya isa gare ta, domin kamfanonin waya sukan tara mutane da yawa a ƙarƙashin adireshi ɗaya. To idan ta sami matsala, injiniya kuma yana nesa, sai ya ce a sauke wata manhaja mai suna ngrok, a buɗe baƙin allon rubuta umarni, a rubuta "ngrok http 8080". Nan take wani adireshi zai fito, duk wanda ya buɗe shi, ko daga ina yake a duniya, zai ga shafin da kake gani. Alan Shreve ne ya ƙirƙiro ngrok a 2013, kuma tana da 'yan uwa irin su Cloudflare Tunnel da localtunnel.

Kwamfutarka ce da kanta take kiran sabar kamfanin ngrok, wato babbar kwamfutarsa da ke kan intanet, ta riƙe layin a buɗe, shi kuma ya riƙa turo mata baƙi ta nan. Shi ya sa katangar tsaro ba ta tare su: daga cikin gida aka zare sakata.

Dabarar tana da amfani, tana hutar da injiniya tafiya Dukku saboda gyaran minti goma. Abin da ke damuna shi ne abin da ke cikin kwamfutar. Akwai sakamakon gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da sunayen masu shan maganin tarin fuka, da matan da ke tsarin tazarar haihuwa, wasu ko a gidansu ba kowa ya sani ba. A garuruwanmu kowa ya san kowa. Suna ɗaya ya fita, aure na iya mutuwa, a fasa neman auren yarinya, a daina sayen abincin wata. Mafi muni, mai karɓar magani zai daina zuwa, na bayansa kuma su ƙi gwaji. Amanar da muka yi shekaru muna ginawa a wurin awo da rigakafi, adireshi ɗaya da aka jefa a zauren WhatsApp zai iya rusa ta. Ga kuma kalmar sirrin da manhaja take zuwa da ita: "Admin123" ta OpenMRS da "district" ta DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya, a rubuce suke a intanet, kowa na iya karantawa. Bayan haka, bayanan ta sabar wani kamfani na ƙasar waje suke bi.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ce idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72.

Don haka kada ka buɗe wannan hanya sai da iznin incaji, kuma ka rubuta lokaci da sunan wanda aka buɗe wa. In gwaji ne ko koyarwa, a yi da sunayen ƙarya a wata kwamfutar daban. Canja kalmar sirrin asali tukuna, sannan ka sa wa hanyar tata kalmar, ngrok tana ba da damar haka. Adireshin kuma mutum ɗaya za ka tura wa. Ƙofa mai lamba 3389, wadda ake sarrafa kwamfutar gaba ɗaya ta cikinta, da 3306 ta rumbun adana bayanai na MySQL, kada ka buɗe su ko wa ya ce. Zauna a gaban allon har a gama, ka danna Ctrl da C, ka gwada adireshin a wayarka ka tabbata ya mutu.

Idan baƙuwar lamba ta kira ka, aka ce daga ma'aikata ne, ka rubuta umarni kaza, ka ce za ka kira, sannan ka tuntuɓi jami'in bayanai na ƙaramar hukumarku. In kuwa ka tarar da hanyar a buɗe ba ka san wanda ya buɗe ba, cire intanet ɗin, kada ka goge komai, ka sanar da incaji a ranar.