Alton da Rabon Delmore: wa da ƙane a farkon kiɗan kantiri

Su wane ne?

Mawaƙan kantiri ne, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, daga Elkmont a jihar Alabama ta kudancin Amurka. An haifi Alton a 1908, Rabon kuma a 1916. Iyayensu talakawa ne masu noma gonar wani, kuma a waƙoƙin coci yaran suka koyi ɗora murya kan murya. Kamfanin Columbia ne ya fara naɗar waƙarsu a faifai a 1931.

Me ya raba su da mawaƙan zamaninsu?

Laushin murya. Kafin makirufo ya bazu, dole mawaƙin karkara ya ɗaga murya don na bayan fili su ji. Su kuwa sai su matsa dab da makirufo, su rera a hankali, muryoyin su narke da juna har mai sauraro ya kasa gane wane ne wa, wane ne ƙane. Alton na kaɗa jita mai tsirkiya 6, Rabon kuma ƙarama mai tsirkiya 4, ba ganga, ba goge. Sun kuma ɗauki salon kiɗan da ake kira bulus (blues) daga baƙaƙen fatar kudancin ƙasar. Ana jin haka ƙarara a waƙarsu ta 1933, Brown's Ferry Blues.

Ina suka yi suna?

A Grand Ole Opry, shirin rediyon tashar WSM a birnin Nashville, inda suka zama 'yan gida daga 1933. A 1938 suka ɓata da masu shirin, suka tattara nasu ya nasu. Shekaru suka yi suna yawo daga wannan gidan rediyo zuwa wancan, yau nan gobe can. Suna kam ya kai ko'ina, amma aljihu bai gani a ƙasa ba.

Tauraruwarsu ta dusashe ke nan?

A'a, a ganina ma a nan ne aikinsu ya fi armashi. A shekarun 1940 suka koma kamfanin King na birnin Cincinnati. Tare da mawaƙa Merle Travis da Grandpa Jones suka riƙa rera waƙoƙin addini da sunan Brown's Ferry Four. Sannan suka ƙara wa kiɗansu sauri da ɗumi, Wayne Raney yana busa musu hamonika, ƙaramin abin busa na baki. Freight Train Boogie ta fito a 1946, Blues Stay Away from Me a 1949. Wanda ya kasa kunne zai ji ƙamshin kiɗan rok an rol a ciki, tun kafin duniya ta san Elvis Presley, fitaccen mawaƙin wannan salo.

Yaya abin ya ƙare?

Ciwon dajin huhu ya yi ajalin Rabon a Disamba 1952, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 36. Alton bai sake samun irin wancan karɓuwa ba, ya rasu a 1964. Wasu wa da ƙanen daga Alabama, Ira da Charlie Louvin, sun cika faifai guda da waƙoƙin Alton da Rabon a 1960, kuma a 2001 aka shigar da sunan 'yan Delmore zauren girmama mawaƙan kantiri a Nashville.