Gyaran Hanyoyin Bincike a Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Gyaran hanyoyin bincike a ilimin halayyar ɗan Adam yunƙuri ne da masanan fannin suka tayar da kansu daga wajajen shekarar 2011, bayan ta bayyana cewa sakamako da dama da aka daɗe ana koyarwa ba sa fitowa idan wani ya sake gwajin. Abu biyu ake nema: tsantseni wajen tsara gwaji da lissafinsa, da kuma buɗe bayanai yadda duk mai shakka zai duba da idonsa.

Asalin matsalar

Abubuwa uku suka haɗu a 2011. Daryl Bem na Jami'ar Cornell a Amurka ya wallafa gwaje-gwaje 9 a wata babbar mujalla, yana cewa mutum na iya jin abin da bai riga ya faru ba. Abin da ya tayar da hankali shi ne hanyoyin da ya bi su ne waɗanda kowa ke bi, sai tuhuma ta koma kan hanyoyin. A shekarar ce kuma aka gano Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg a ƙasar Holan ya daɗe yana ƙirƙirar alƙaluma, har aka janye maƙalunsa sama da 50.

Na ukun ya fi su nauyi, don maƙaryata irin Stapel tsiraru ne. A ƙa'idar fannin, ana karɓar sakamako idan yiwuwar samun irinsa bisa katari, alhali babu wani tasiri, bai kai 5 cikin 100 ba. Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn suka nuna cewa mai bincike na gari, wanda ba ya nufin ha'inci, zai iya ɗaga wannan haɗari zuwa kusan 61 cikin 100 idan ya haɗa 'yan dabaru huɗu, daga cikinsu akwai: ya auna abubuwa da yawa ya faɗi wanda ya yi kyau, ya riƙa leƙa lissafi yana ƙara mutane har ya samu abin da yake so, ya kuma ajiye wani rukuni da ya ɓata masa lissafi. Wannan tatsar alƙaluma ce, kuma mai yin ta kan yaudari kansa kafin ya yaudari kowa. Mujallu ma da laifinsu, tunda sabon abu mai ban mamaki suke so; gwajin da bai gano komai ba sai ya ƙare a aljihun tebur, kamar yadda Robert Rosenthal ya yi gargaɗi tun 1979.

A 2015 masana 270 ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek suka fitar da sakamakon maimaita bincike 100 da aka wallafa a 2008. A na asali 97 sun ce sun gano tasiri. A maimaicin kimanin 36 cikin 100 ne suka cika ƙa'idar, ƙarfin tasirin kuma ya ragu da kusan rabi. Ra'ayin nan da ya shahara, cewa jurewa sha'awa kan ƙare kamar ƙarfin jiki, ɗakunan bincike 23 sun gwada shi tare a 2016, suka samu kusan babu.

Hanyoyin gyara

Babban maganin shi ne mai bincike ya ɗaure hannunsa tun kafin ya ga alƙaluma. Zai rubuta hasashensa da yawan mutanen da zai gwada da irin lissafin da zai yi, ya ajiye a rumbun intanet mai nuna kwanan wata, kamar OSF na cibiyar da Nosek da Jeffrey Spies suka kafa a Virginia a 2013. Wannan ba ya hana laluben sabon abu. Yana hana a kira lalube tabbatar da hasashe ne kawai.

Mujallar Cortex, da ƙoƙarin Chris Chambers, ta ƙara gaba a 2013: a tantance tambaya da tsarin gwaji tun ba a tara bayanai ba, in sun yi kyau a yi alkawarin wallafawa ko me ya fito. Mujallu sama da 300 sun ɗauki tsarin. Wani nazari na 2021 ya samu cewa 96 cikin 100 na maƙalun da aka saba sun tabbatar da hasashensu, a wannan tsari kuwa 44 ne kacal. Mai yiwuwa tazarar na nuna abin da aljihun tebur ya haɗiye da kuma tatsar alƙaluma.

Akwai kuma sakin ɗanyun bayanai da kayan gwaji, tare da ɓoye sunayen mahalarta, da haɗa ɗakunan bincike na ƙasashe da yawa kan tambaya guda don mutanen da ake gwadawa su yi yawa.

Abin da ya rage

Rajista, wato rubuta tsarin gwaji a ajiye tun kafin a ga alƙaluma, ba ta gyara gurɓataccen ma'auni ko raunin ra'ayi, wasu kuma kan yi ta su saɓa ba tare da sun faɗa ba. Jami'o'i da yawa har yanzu yawan maƙalu suke ƙirgawa wajen ƙarin girma. Sannan akwai tambayar su wa ake gwadawa: nazarin Jeffrey Arnett na 2008 ya nuna kusan 96 cikin 100 na mahalarta a manyan mujallu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, waɗanda ke ɗauke da kimanin 12 cikin 100 na mutanen duniya. Sakamako zai iya maimaituwa sau goma a tsakanin ɗaliban jami'a na Amurka, amma ya kasa bayyana halin sauran mutane.