Jamus ba ta dawo da aikin soja na tilas ba: abin da sabuwar dokar ta ƙunsa

Tun da majalisar dokokin Jamus ta amince da sabuwar dokar aikin soja a ranar 5 ga Disamba 2025, ake ta yaɗa saƙonnin murya a WhatsApp cewa za a kwashe samarin baƙi a tura su yaƙin Ukraine. Iyaye da dama da 'ya'yansu ke karatu ko neman abinci a can sun shiga zullumi, alhali babu wannan magana a cikin dokar.

Dokar ta shafi 'yan ƙasar Jamus ne kawai. Ɗalibi mai biza, da mai neman mafaka, da mai takardar zama, duk ba ruwansu da ita. Amma wanda ya karɓi fasfon Jamus ya haɗa da na Najeriya ko na Nijar, kamar yadda doka ta ba da dama tun Yunin 2024, shi Bajamushe ne a idon hukuma, kuma ɗansa namiji yana ciki idan shi ma ɗan ƙasar Jamus ne.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne kalmar tilas. Daga Janairun 2026, wanda ya cika shekara 18 zai samu takardar tambayoyi kan lafiyarsa da karatunsa da ko yana sha'awar shiga soja. Mazan da aka haifa daga 2008 zuwa sama wajibi ne su amsa, su kuma je gwajin lafiya idan an kira su. Mata kuwa sai in sun ga dama. Tilas ɗin a nan ya tsaya. Yaro na iya rubuta cewa ba ya so, kuma babu mai ɗaura masa kaki. Wanda ya ƙi mayar da takardar ko ya yi ƙarya a cikinta, tara ce hukuncinsa, ba ɗauri ba ne, ba kuma kora daga ƙasa ba.

Wanda ya shiga don raɗin kansa zai yi aƙalla wata shida, da albashin da ya kai kusan Yuro 2,600 a wata kafin a cire haraji. Yakan fara da horon farko: harbi, da tafiyar ƙasa da kaya a baya, da agajin gaggawa. Tura sojoji fagen aiki a ƙasar waje kuma sai da yardar majalisa, kamar yadda aka yi da waɗanda suka zauna a Yamai har zuwa Agustan 2024.

Sai dai fargabar ba ta rasa tushe. A 2011 dakatar da aikin tilas aka yi, ba a soke shi ba, domin sashe na 12a na kundin tsarin mulki yana nan daram. Ministan tsaro Boris Pistorius na son a kai sojoji kimanin 260,000 zuwa 2035, daga 180,000 da 'yan kai da ake da su. Idan masu sa kai suka gaza, majalisa na iya yin wata doka ta daban ta tilasta wa wani adadi, har an yi maganar a fitar da su ta hanyar ƙuri'a. Wannan ne ban ga adalcinsa ba, a ce samari biyu 'yan aji ɗaya, ɗaya ya wuce jami'a, ɗaya ya tafi bariki, don kawai sunansa ne ya fito. Ko a lokacin ma, sashe na 4 ya ba kowa damar ƙin ɗaukar makami saboda imaninsa, sai a ba shi aikin farar hula a madadinsa.