Gudawar haƙori: iyaye mata mu sake duba lissafin nan

Assalamu alaikum iyaye mata da kakanni. Kalma ɗaya ce ta fi ci min rai a wajen aiki, a kawo yaro ya kwana uku yana gudawa idanunsa sun faɗa maɗiga ta loɓa, kina tambaya me yasa ba a kawo shi tun farko ba sai a ce miki ai haƙori ne, idan ya fito zai daina.

Na san daga ina tunanin ya fito kuma ba wauta bace, kin ga haƙori yana tsirowa kin ga gudawa a sati ɗaya, sai zuciya ta ce wannan ne ya haifi wancan. To amma abu biyu su zo tare ba shi ne ɗaya ya jawo ɗaya ba, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Yawancin yara suna fara haƙori wajen wata 6, a daidai lokacin ne ake fara basu kunu da ruwa, a lokacin ne suke koyon zama da rarrafe duk abinda hannu ya kai sai baki, takalmi ne ƙasa ce murfin buta ne, kuma kariyar da suka samo daga jikin uwa tun suna ciki ta fara raguwa. Ƙwayoyin cuta ne suka samu hanya. Haƙori iyakarsa dasashi ya yi ƙaiƙayi, yawu ya zuba, yaro ya yi rigima.

Sai kuskure na biyu ya biyo baya, a sayo maganin haƙori a kemis a bashi, kwana biyu gudawar ta tsaya a ce kun gani ko ya yi aiki. Gudawa da yawa da kanta take tsayawa cikin ƴan kwanaki, duk abinda aka bayar a ƙarshe shi ke kwashe yabo. Kuma wallahi irin maganin nan ba abin wasa bane, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani sirop ɗin haƙori mai suna My Pikin da aka haɗa da sinadari mai lalata ƙoda ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya, har hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta hana sayar da shi.

Wata kuma ta ce ai mu haka aka raine mu gamu nan da ranmu. Haka ne Inna, Allah ya ƙara lafiya, amma mu da muka tsira ne muke bada labari, ki tambayi tsoffin gidanku yara nawa aka binne kafin yaye, su basa cikin lissafin.

Yaro na fara gudawa ki narkar da ORS, wato garin gishiri da sukari na gudawa, fakiti ɗaya a ruwa mai tsafta lita ɗaya ki dinga bashi kaɗan kaɗan ko yana amai, a haɗa da ƙwayar maganin zinc kullum kwana 10 zuwa 14 ko da ta tsaya, nono kuma kar a daina. Rigakafin rota, ƙwayar cutar da ke sa yara gudawa, da ake ɗiga musu a baki ya shiga jerin rigakafin yara a Najeriya tun 2022, kyauta ne, ki duba katinsa ko an yi masa. Idan kin ga jini a kashin, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko kin tsunkuli fatar cikinsa ta ƙi komawa da wuri, a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne.